An gyara mana tsohon fiyano na majami'a, a ina za mu ajiye shi kada hunturu ya kashe shi?

Sakataren Kwaya

Salama 'yan'uwa. Ina da tambaya ga waɗanda suka san harkar kayan kiɗa, musamman in akwai mai gyaran fiyano a cikinmu, ku yi haƙuri zan ɗan ja zancen.

Majami'armu a nan ƙasar Zazzau tana da wani tsohon fiyano irin na tsaye ɗin nan, ba mai faɗi kamar tebur ba, ƙirar Ingila ne tun zamanin mishan, ya daɗe a sito an jibga masa karyayyun benci har yawancin matasanmu sun ɗauka kabad ne. To 'ya'yan wani dattijonmu da ya rasu suka ce su za su ɗauki nauyin gyara shi don tunawa da babansu, tunda shi ne ya riƙa kaɗa shi a da, aka ɗora shi a mota sai Legas, yanzu mai gyaran ya kira yace an gama, an canza wayoyin, an sa sabon ulu a ƙananan gudumomin da ke buga wayoyin, an yi fenti, kuma za a dawo mana da shi kafin Kirsimeti.

Dattawa sun zauna sun ce ba cikin majami'a za a sa shi ba, zauren taro za a kai shi, inda kwaya ke gwaji, nan Zumuntar Mata ke taronsu, nan yaran makarantar Lahadi suke, in biki ya tashi nan ake cin abinci. Dalilinsu wai gaban majami'a ya riga ya cika da kibod da jita da ganguna da lasifika, kuma a zaure kowa zai amfana da shi ba sai ranar Lahadi ba. Ni ban ƙi ba. Abin da ke damuna shine zauren nan rufin kwano ne, silin rabi kawai aka yi kuɗi ya ƙare, tagogi luba ne wasu ma gilashin ya fashe, ga hunturu yana ƙofa, wani kuma yace min iskar hunturu tana tsaga katakon fiyano.

Shin gaskiya ne? Wane gefe na zauren ya fi dacewa? Sau nawa ake saita shi a shekara, kuma me ya kamata mu duba ranar da aka sauke shi kafin iyalin su biya cikon kuɗin? Na gode.

Mai Saiti daga Jos

Salama ɗan'uwa Sakatare. Wanda ya gaya maka bai yi ƙarya ba, kuma gara da ka tambaya tun kafin motar ta taso.

Bari in fara da abin da ke cikin akwatin nan don ka gane dalilin tsoron. Fiyano na yau yana da maɓalli 88, fari 52 baƙi 36, wasu tsofaffin na Ingila 85 ne, amma wayoyin sun haura 200 saboda yawancin maɓallan waya uku-uku suke bugawa a tare, na ƙasa masu kauri biyu ko ɗaya. In ka haɗa jan da wayoyin nan ke yi gaba ɗaya yana kai wajen tan 18 zuwa 20, shi yasa aka yi masa firam na zubin ƙarfe a ciki, shi yasa kuma yake da nauyin tsiya. A bayan wayoyin akwai wani siririn allon katako mai faɗi, shi ne ke ba da muryar, in babu shi wayar ƙara kaɗan kawai za ta yi. Sannan kowace waya an naɗe ta a jikin wata kusa ta ƙarfe, kusoshin kuma an dasa su ne cikin wani katako mai tauri, ba noti ba zare mai ɗaurewa, matsewar katakon ce kaɗai ke riƙe su.

To katako yana shan danshi yana kuma amayar da shi. Da damina allon ya kumbura ya ja wayoyin, murya ta hau sama, maɓallai su riƙa maƙalewa ka danna ya ƙi dawowa. Da hunturu ya bushe ya tsuke, murya ta faɗo, in bushewar ta yi yawa allon ya tsage, gam ya saki, kusoshin nan su yi sako-sako ka saita yau gobe ya warware. Masu ƙera fiyano suna son danshin iska ya tsaya wajen kashi 40 zuwa 50 cikin 100, mu kuwa a Arewa watan Agusta yakan wuce 80, Janairu da Fabrairu da rana yakan sauka ƙasa da 20. Ba zafin ne ke kashe fiyano ba kuma ba sanyin ba, wannan hawa da saukar ce.

Kuma naku yana da wata matsala ta daban wadda ban ga ka lura da ita ba. A Legas aka gyara shi, ya zauna can ya sha iskar teku ya ƙoshi, sai a ɗauko shi a dire a Zariya daidai lokacin da iska ta bushe ƙwarai. Wannan shi ne lokaci mafi muni na dawo da shi. Da ni ne zan roƙi iyalin a bar shi can sai ruwa ya fara sauka, Mayu ko Yuni, ya zo ya saba a hankali. Na san za a ce Kirsimeti, na san yadda dattawa suke in sun sa rana, in dole ne sai ya zo to a kiyaye waɗannan.

Kada a jingina shi da bangon da rana ke duka daga waje, a nemi bangon ciki, wanda bayansa wani ɗaki ne kamar ofis ko sito. Nesa da taga, nesa da ƙofa, kada ya fuskanci inda iskar hunturu ke shigowa wato arewa maso gabas, a ƙarƙashin wajen da aka yi silin ba ƙarƙashin kwano tsirara ba, a bar ɗan tazara kamar tafin hannu tsakaninsa da bango. A ɗinka masa riga mai kauri da za ta rufe shi har ƙasa har baya, in an gama a rufe. Ku sayi ƙaramin agogon auna danshi, ba shi da tsada, ku sa a ciki ku riƙa dubawa. Akwai na'urar da ake sakawa cikin fiyano tana daidaita danshin da kanta, Dampp-Chaser ake ce mata, tana aiki sosai amma tana son wuta kullum ba yankewa, kai ka san halin wutarmu. Mutanen zamanin da sukan sa kwanon ruwa a ƙasan ciki lokacin hunturu, yana ɗan taimakawa amma ba magani ba ne, kuma in ya zube ko aka manta shi har damina to tsatsa ce da fumfuna.

Saiti sau biyu a shekara shi ne ƙa'ida, ɗaya bayan damina ta zauna ɗaya bayan hunturu ya zauna, amma tunda sabbin wayoyi ne suna miƙewa, shekarar farko ku shirya wa sau uku ko huɗu. Kada a saita ranar da ya iso, a bar shi mako biyu zuwa huɗu ya huta tukuna.

Ranar saukewa buɗe murfin sama da allon ƙasa ka duba da tocila. Wayoyin ƙasa sun gitta kan sauran ne ko duk a miƙe suke jere? Masu gittawa sun fi. Akwai wasu siraran wayoyi jere a gaban gudumomin? Irin wannan masu gyara na ce masa kejin tsuntsu, tsohuwar ƙira ce ta Ingila, yana da wahalar saiti kuma muryar ba ta yankewa tsaf in ka ɗaga yatsa. Firam ɗin ƙarfe ya kai har sama inda kusoshin suke ko ya tsaya rabi? Sai babbar tambaya, ka tambayi mai gyaran ko ya canza kusoshin da manya ko tsofaffin ya mayar, domin sabuwar waya a kan tsohuwar kusa mai sako-sako asarar kuɗi ce. Fenti kam ba ya kiɗa, kada ƙyalli ya ruɗe ku.

Dan Kibod

ni dai gaskiya da girmamawa ga dattawa amma bangane ba. kudin da aka kashe akan gyaran nan da kudin mota zuwa legas da dawowa ai da ya sayi kibod mai kyau na Yamaha harda sola da batir, ba saiti ba tsoron hunturu ba tsoron bera, ka dauka a hammata ka tafi dashi wajen biki ko zaman makoki ko wa'azin kauye. kuma wa zai kada shi?? mu fadi gaskiya mana, mu nawa ne muke iya kada waka a kowane kii, yawancinmu kii daya ko biyu muka iya sai mu danna tiransfos in mai bada waka ya tashi sama, fiyano kuwa bashida wannan madannin, mama zata daga waka a inda muryarta ta fado kai kuma kana lalube jama'a na kallonka. wannan ai kyautar doki ce, ranar farko ana guda, daga nan dawa da ciyawa kullum a wuyan ikilisiya. nan da shekara biyu zaku ga an dora masa filawar roba da littattafan makarantar lahadi ya zama tebur, ku rubuta ku ajiye

Mama Zumunta

Ɗana Dan Kibod ka faɗi taka, amma kai da bakinka ka tona asirinku, ashe shi yasa in wuta ta ɗauke a tsakiyar sujada sai ku tsaya kuna kallon janareta mu mata mu ne muke riƙe waƙar da tafi da tulu har a tada inji. Ba laifin fiyano ba ne in baku iya ba, ku koya.

Ni abin da zan ce wa Sakatare daban ne. Zauren nan ba na kwaya kaɗai ba ne. A wata majami'a da na zauna a Kaduna an kawo irin wannan, tun daga ranar aka fara "mama ku matsa da gangunanku can", "kada ku share da ƙura kusa da shi", "kada yara su zo nan", har mata suka koma yin gwaji a ƙarƙashin mangwaro. Abin ya ba mu haushi ƙwarai. Waƙoƙinmu na zumunta ba a kan fiyano aka yi su ba, ɗaya ta bayar sauran su amsa, ga ganga ga tulu ga caki, kuma ba za mu canza ba don an kawo kayan turawa, su ma waƙoƙin littafi suna da nasu wurin muna son su, a jana'iza ma su muke yi mu yi kuka. Don haka kafin a kawo shi a kira shugabannin mata a zauna da su, a nuna musu kusurwar da za a sa shi su yarda, in kun yi haka su ne ma za su ɗinka rigar da Mai Saiti ke magana, su ne za su hana a ɗora masa kular shinkafa ranar biki. In kuwa kun yi ba da su ba to ku da Allah.

Maganar danshi kuma ba baƙuwa ba ce gare mu, da damina sai mun kai ganguna rana ko kusa da wuta kafin fatar ta yi magana. Sai dai a faɗa wa yara tun yanzu wannan ba a kai shi rana, don na san halin jikokina.

Malam Kafinta

Assalamu alaikum. Ni musulmi ne, aikin katako nake, amma na yi wa coci-coci benci da mumbari da yawa don haka bari in sa baki a abin da na sani.

Kowa yana maganar iska ba wanda ya ambaci gara. Abin da ya daɗe a sito a ƙasar nan ka fara zarginsa da gara kafin komai, a ƙwanƙwasa ƙasansa da ƙafafunsa da ginshiƙan baya da bayan sukurdireba, in ka ji yana amsawa kamar fanko to an ci ciki fenti ne kawai ya rufe. Kuma ku duba zauren kansa, in akwai hanyar ƙasa ja tana hawa bango a kusurwar da kuke so ku ajiye shi to a yi feshi a ƙasa da bango tukuna, a bari ya bushe, amma kada a fesa wa fiyanon kansa a ciki. Kada ku dire shi a kan daɓen siminti kai tsaye, siminti yana tsattsafo da damina, a yi masa ɗan dandamali gajere na katako mai ƙarfi a sa leda mai kauri a ƙasa. Ɓera kuma tunda kun ce ana cin abinci a wurin sai ya zo, ta wajen feda yake shiga ya yagi ulun ya yi sheƙa, a toshe da ragar ƙarfe ƙanana, a rataya kafur a ɗan ƙyalle a ciki saboda asu.

Sai ɗauka. Irin wannan yakan wuce kilo 200, nauyin kuma yana baya ne, in ya karkata ba mai tare shi. Ƙananan tayoyin nan nasa ba na tafiya ba ne, na ɗan gyara masa zama ne. A nemi majiya ƙarfi aƙalla shida da igiya mai faɗi, a mota a tsaye zai zo an ɗaure shi da jikin bodi an sa katifa, kar direba ya kwantar da shi don ya samu wurin ƙara lodi, ku aika mutum naku ya biyo motar. In an kafa shi kuma kar a bar yara su riƙa lilo a jikin murfinsa ko su tura shi.

Silin ɗin nan da kuka bari rabi, ku ƙarasa shi, ko ba fiyano ma mutane za su ji daɗi.

Tsohon Hedimasta

Salama gare ku duka. Na karanta maganar yaron nan mai kibod na yi dariya, don ba ƙarya ya yi ba, na ga wanda ya zama tebur da idona fiye da ɗaya. Amma zan gaya masa abin da bai gani ba.

Mu da muka taso ba fiyano ne ya fi yawa a majami'un Arewa ba, harmoniya ce, ƙaramar oga da kake taka feda biyu tana zuga iska, wata ma ninke ta ake kamar akwati a ɗauka a ka zuwa ƙauye. Ita ba ta da wayoyin da za su saki, shi yasa ta jure. Fiyano sai a manyan tashoshin mishan da makarantu, kuma turawan sun san ƙasar tana cinsa, har kamfanonin Ingila suna ƙera na musamman don ƙasashen zafi, a ƙara sukurori da tagulla a inda gam kaɗai ake sawa. Sakatare ka duba, wataƙila naku irinsu ne, in haka ne kun yi sa'a shi yasa ma ya kai yau.

Tunda a ƙasar Zazzau kuke je ka Wusasa ka shiga cocin Saint Bartholomew, ginin ƙasa ne na 1929, magina Hausawa suka yi shi, ka tsaya ciki da tsakar rana a watan Maris ka ji bambancinsa da zauren kwano. Bango mai kauri ba ya barin ɗaki ya yi zafi farat ɗaya ya huce farat ɗaya. Mutanen Likita Mila, baturen mishan ɗin nan da ya zauna Zariya tun 1905 kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito 1932, irin waɗannan ɗakunan suka zauna da kayansu. Mu ne muka ci gaba muka koma bulo inci shida da kwano, sannan muna mamakin abin katako ba ya daɗewa.

Amfanin fiyano a wurina ba ranar Lahadi ba ne, ranar gwaji ne. An koya mana waƙa da do re mi a kan allo, murya huɗu, malam ya buga wa kowane sashe nasa su riƙe. Yau na shiga gwajin kwaya sai in ji an kunna bugun da ke cikin kibod an ƙure lasifika, kowa yana bin murya ɗaya, masu bes sun ɓace. Fiyano ba ya rufa wa kowa asiri, in ka taɓa a hankali ya yi a hankali in ka danna da ƙarfi ya yi ƙarfi, dalilin da Bartolomeo Cristofori ya ƙirƙiro shi ke nan a Italiya wajen 1700, kuma yaron da ya koya a kansa in ya koma kibod wasa ne a wurinsa. Don haka dattawanku sun yi daidai da suka zaɓi zaure. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a sa masa kwaɗo a ba mutum ɗaya makulli ya tafi da shi gida, wannan shi ne hanyar zama tebur. A sa ranaku biyu a mako na koyar da yara, mata da maza, a nemi malami ko daga makarantar tauhidi mafi kusa ko cikin malaman kiɗa na sakandare.

Sannan batun kuɗi, a faɗa wa iyalin gaskiya cikin ladabi. Wanda ya ba da kyautar nan don tunawa da mahaifinsa ba zai so ya dawo bayan shekara uku ya tarar ya mutu ba, a tambaye su ko za su ɗauki saitin shekarar farko, daga nan ikilisiya ta sa shi a kasafinta da sunansa, kada a bar shi sai an yi baiko na musamman.

Sakataren Kwaya

Kai na gode ƙwarai, Baba Hedimasta, Mama, Malam, Allah ya saka. Mama maganarki ta shiga, zan kai wa Rabaran yau da yamma a kira shugabar mata kafin zaman dattawa.

Mai Saiti na kira mutumin Legas ya turo hotuna. Wayoyin sun gitta, ba kejin nan da ka ce, firam ya kai sama, maɓalli 85 ne. Kusoshi yace ya sa sabbi masu ɗan kauri. Amma ya faɗi wani abu, wai bai ja shi ya kai cikakkiyar murya ba, ya bar muryar ta sauka da rabin mataki, wato tazarar maɓalli ɗaya, saboda tsufa. Wannan matsala ce? Don a bikin buɗewa ana so 'yan Birged, wato ƙungiyar samarin majami'a, su busa kakakinsu tare da shi. Akwai kuma bangon da ke tsakanin zaure da ofishin Rabaran, yana ƙarƙashin silin, sai dai fanka na sama daidai wurin.

Mai Saiti daga Jos

Hotunan da ka bayyana labari ne mai daɗi, ba gyaran banza aka yi ba.

Maganar rabin mataki kuwa matsala ce in za a haɗa shi da wani abu. Ma'aunin da duniya ke bi shi ne wayar maɓallin A na tsakiya ta riƙa kaɗawa sau 440 a sakan ɗaya, a kan haka aka ƙera kibod da kakakin 'yan Birged. In naku yana ƙasa da rabin mataki, shi kaɗai da kwaya ba wanda zai gane, tsofaffi ma za su ji daɗi don waƙa ba za ta yi musu tsayi ba, jita za a iya sassauta ta, kibod a danna abin nan na Dan Kibod ya sauko, amma kakaki ba ya sauka haka, sai dai mai fiyanon ya ɗaga waƙar da hannunsa zuwa wani kii, in kuma bai iya ba za a ji abin kunya a gaban baƙi. Ka sa mutumin ya buɗe manhajar saiti a waya ya buga A ya turo maka bidiyo ka ga lambar da idonka.

Abin da ya ɗan tsaya min shi ne, barin fiyano a ƙasa dabara ce ta masu tsofaffin wayoyi masu tsatsa da ake tsoron su tsinke. Wanda aka sa wa sabbin wayoyi da sabbin kusoshi a kan cikakken firam ya kamata ya iya ɗaukar 440. Ka tambaye shi kai tsaye me ya gani, akwai tsaga a firam ne, ko a gadar da wayoyin ke bi ta kai, ko dai ya bar shi ne don tafiyar mota da nufin a ja shi in ya iso? In na ƙarshen ne ba komai, ana jan shi a zama biyu, a ɗaga yau a dawo a daidaita. In tsaga ce a ƙarfen to kada iyalin su biya ciko sai an zauna, kuma ya rubuto muku amsar a rubuce ba a baki ba.

Bangon ofishin Rabaran ya yi. Fankar a kashe ta in ba mutane, ko a cire ta a matsar gaba, iska tana kaɗa shi kullum bushewa ce. Kuma don Allah kar kowa ya zuba masa man keke ko man inji in maɓalli ya maƙale, kar a sa filaya a kusoshin, akwai makullinsu na musamman. Maɓallan in hauren giwa ne za ka ga ɗan layi a tsakiyar kowanne inda aka haɗa, ƙyalle mai ɗan laima kawai ake goge su da shi a bushe nan take, ba omo ba bilic.

Dan Kibod

toh naji, Mama kin gama dani a gaban jama'a. har yanzu ina kan bakana akan kudin amma in za'a fara koyarwar da Baba ya fada a sani a lissafi, ranar asabar dai don litinin zuwa juma'a ina shago. Sakatare in an tsaida ranar da motar zata iso ka fada da wuri zan kawo yaran Birged guda shida su taya saukewa, Malam Kafinta nawa dandamalin zai ci in mun kawo katakon da kanmu?